Na'urar da Ta Iya Barci Ita Ke Daɗewa a Fili

Masu karatu, musamman malaman makaranta da akawuna, yau maganarmu a kan wani ɗan abu ne baƙi mai ƙafafu da yawa, wanda bai kai tsawon ɗan yatsa ba, amma ya shiga cikin kusan ko wace na'ura ta zamani. Turawa suna ce masa maikurokontirola. Mu dai a nan za mu riƙa kiransa 'yar ƙwaƙwalwa, gama aikinta ke nan: a rubuta mata umarni ta riƙe, ta yi ta bi ba gajiya ba mantuwa. Ita ce a cikin rimot na talabijin, ita ce a cikin mitar wuta ta kati, da sikelin kanti, da injin mota. Kamfanin Texas Instruments na Amurka ya fara sayar da irinta mai suna TMS1000 a 1974, yau kuwa biliyoyi a ke ƙerawa ko wace shekara.

Da, sai injiniyan da ya ƙware ya ke iya sarrafa ta. Amma tun da waɗansu malamai, su Massimo Banzi, suka fito da allon Arduino a garin Ivrea na ƙasar Italiya a 2005, abin ya zo hannun 'yan makaranta. Yaro mai kwamfuta da kebur ɗaya sai ya haɗa ma'aunin zafi, ko mai faɗin yawan ruwan da ya rage a tanki, ko ma'aunin ruwan sama mai rubuta wa kansa lissafi. In wurin ba wutar lantarki, sai a saya masa ɗan farantin sola da batir, a kafa a fili, a yi murna. To, daga nan ne labari kan sake. Kwana biyu ko uku aka yi hadari bai washe ba, sai a je a tarar na'ura ta mutu.

Kada a ce wannan ƙaramar hasara ce. Ku duba ma'aunin ruwan sama. Ranakun da rana ba ta fitowa, ai su ne ranakun da a ke ruwa. Watau na'urar tana aiki sarai duk lokacin da ba a bukatarta, sa'an nan ta mutu daidai makon nan na Agusta da aka kafa ta dominsa. Littafin awo mai giɓi a tsakiyar damina kuwa ba ya amfanin manomi, ba ya amfanin malamin gona, kuma ruwan da ya riga ya zuba ba a sake auna shi.

Abin da kowa kan fara cewa shi ne a sayo faranti mafi girma da batir mafi girma. Mu ba mu goyi bayan wannan ba, sai fa in an riga an yi abin da za mu bayyana. Ma'aikacin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, kafin ya nemi ƙari ya kamata ya zauna ya ga inda kuɗin ke zurarewa.

Kuɗin Shiga da Kuɗin Fita

Akawuna za su fi kowa saurin gane wannan, domin lissafin baitulmali ne sak. Farantin sola shi ne kuɗin shiga, na'ura ita ce kuɗin fita, batir kuwa shi ne asusu. Wutar da na'ura ke ja ana auna ta da amfa. Kashi 1 cikin 1,000 na amfa shi ne mili-amfa, kashi 1 cikin 1,000 na mili-amfa kuma shi ne maikuro-amfa. Don kada sunayen su rikitar da mu, mu ɗauka maikuro-amfa kwabo ne. In haka ne, mili-amfa Naira 10 ke nan, amfa guda kuwa Naira 10,000. Abin da batir ke iya ajiyewa ana faɗinsa da mili-amfa-awa: batir mai 2,500 zai ba da mili-amfa 100 har awa 25, ko mili-amfa 1 har awa 2,500. Batirin litiyam ɗin nan mai kamar ɗan gwangwani, lamba 18650, irin na cikin tocila da tsohuwar kwamfutar cinya, mai kyansa kusan abin da ya ke ɗauka ke nan, a kan bolt 3.7.

To, mu ɗauki allon da aka fi koyo da shi, Arduino Uno, wanda ya fito a 2010. 'Yar ƙwaƙwalwar da ke kansa ATmega328P ce, ƙirar kamfanin Atmel, wanda kamfanin Microchip ya saye a 2016. In aka kunna allon nan aka bar shi, ko ba ya yin kome, yana jan kamar mili-amfa 45. A kwana guda, 45 sau 24, mili-amfa-awa 1,080 ke nan. Batirinmu mai 2,500 ba zai cika kwana biyu da rabi ba, alhali ba mu ma sa hasarar da a ke yi wajen ɗaga wutar batirin daga bolt 3.7 zuwa bolt 5 da allon ke bukata ba.

Sa'an nan mu duba shiga. Ɗan faranti mai wat 1, bolt 6, in rana ta take tsaka kuma ta dube shi sosai, yana ba da kamar mili-amfa 165. Kada tsawon yini ya ruɗe mu. Hasken safe da na la'asar ba su da ƙarfi, in aka tara hasken yini duka a wuri mai rana sosai bai fi daidai da awa 5 ko 6 na tsakar rana ba. In mun ɗauki 5, abin da ya shiga 825 ne. Fita 1,080, shiga 825, a rana mai kyau ma ke nan. Ko wane akawu ya san ƙarshen baitulmalin da ke tafiya haka.

Tun farkon zamanin sola an ga amfanin ƙaramin ci. A 1954 ne masana uku a ɗakin bincike na Bell a Amurka, Chapin da Fuller da Pearson, suka nuna ƙwayar sola ta silikon ta farko mai amfani, wadda ke mai da kamar kashi 6 cikin 100 na hasken rana lantarki. Ran 17 ga Maris 1958 Amurka ta harba ɗan tauraron ɗan'adam mai suna Vanguard 1, ɗauke da rediyo biyu. Ɗaya mai batir ce, ta yi shiru a cikin shekarar nan. Ɗayar kuwa, wadda ƙarfin muryarta kashi 5 ne kacal cikin 1,000 na wat, 'yan ƙwayoyin sola ne ke ciyar da ita, ta yi ta magana har 1964.

Barci

Asirin duka shi ne 'yar ƙwaƙwalwa ba ta da aikin yi mafi yawan lokaci. Tana bugu miliyan 16 a sakan guda, amma zafin iska ba ya sakewa cikin sakan, tanki ba ya cika cikin minti. In aka ce ta auna zafi ko wane minti 10, aikin ba ya ɗaukarta ko sakan 2, sauran sakan 598 kuwa zaman jira ta ke yi. Kuskuren masu koyo shi ne su kan sa ta jira da umarnin nan na jinkiri da a ke fara koya wa kowa. Wannan ba hutu ba ne. Kamar masinja ne da aka ce ya jira amsa, shi kuwa ya yi ta zagaya ofis a guje har a kira shi. Wutar da ta ke ci tana jiran nan daidai ta ke da wadda ta ke ci tana aiki.

Maƙeranta sun san da haka, shi ya sa suka yi mata barci iri 6, daga gyangyaɗi zuwa barci mai nauyi. A gyangyaɗi, sashen lissafi kaɗai ke tsayawa, agogonta na ci gaba da bugu, ragin ba shi da yawa. A barci mafi nauyi kuwa agogon kansa a ke tsayarwa, kome ya yi tsit, sai dai abin da ta riƙe a ka bai ɓace ba. Takardar bayanin maƙeran ta nuna a wannan hali tana iya sauka har kashi 1 cikin 10 na maikuro-amfa a kan bolt 1.8. A lissafinmu na ɗazu, wadda ke kashe sama da Naira 100 tana farke, ga ta ba ta kashe ko kwabo guda.

Amma wanda ya yi barci irin wannan, wa zai tashe shi? Hanya uku ce. Ta farko, akwai wani ɗan agogon gadi a cikin cikinta, mai nasa bugu dabam, wanda ba ya barci. Iyakar abin da ya ke iya ƙirgawa sakan 8 ne, saboda haka mai son minti 10 sai ya sa ta farka sau 75, ko wane karo ta ƙara ɗaya a ƙirga ta koma, sai a na 75 ta yi aikin. Farkawar nan ba ta kai ƙiftawar ido ba. Ladan mai gadin kamar maikuro-amfa 5 ne. Aibinsa guda, ba shi da daidaito, zafi da ƙarfin batir suna sake saurinsa, wanda ya dogara da shi don sanin ƙarfe nawa zai sha mamaki bayan mako guda.

Hanya ta biyu ita ce a sa agogo na gaskiya a waje, kamar DS3231, wanda ke riƙe kwanan wata da lokaci da wutar da ba ta fi kamar maikuro-amfa 1 ba in yana kan ɗan batirinsa, kuma ana iya saita shi ya tashe ta a ƙayyadadden lokaci. Duk abin da za a rubuta a littafi da kwanan wata, wannan ya kamace shi.

Ta uku ta fi burge mu, domin ba ta cin kome: abin da a ke jira shi da kansa zai ƙwanƙwasa ƙofa. Ma'aunin ruwan sama na zamani yana da wani ɗan cokali mai baki biyu a ƙarƙashin mazurari. In ɓangare ɗaya ya cika, galibi da ruwan milimita 0.2, sai ya rinjaya ya zubar, ɗaya ɓangaren ya tare. Ko wace rinjaya, wani ɗan maganaɗisu kan gifta wani makunni, makunnin ya taɓa ƙafar 'yar ƙwaƙwalwa, ta farka ta ƙirga ɗaya ta koma barci. In an yi wata biyar na rani ba ɗigo, to, wata biyar cokalin bai tashe ta ba.

Yanzu mu sake lissafi. Mu ce na'urarmu tana farkawa ko wane minti 10, ta yi sakan 2 tana jan mili-amfa 20, da ita da ma'auninta. In aka baje wannan a kan sakan 600, ya zama maikuro-amfa 67. A ƙara 5 na mai gadi, 72. A kwana guda bai kai mili-amfa-awa 2 ba, 1.7 ne. Ku gwada da 1,080 na ɗazu. A takarda, batirin da bai kai kwana biyu da rabi ba yanzu zai yi kamar shekara 4 ko ba rana sam. A zahiri ba zai kai ba, gama batirin litiyam yana tsiyaya da kansa kamar kashi 2 ko 3 cikin 100 ko wane wata, watau na'urar ta zo daidai inda cinta da tsiyayar batir suka yi kusan ɗaya. Daga nan duk wani ragi wahala ce kawai.

Ɓarayin Cikin Gida

A nan ne mafi yawan masu koyo ke faɗuwa, kuma a nan mu ke so malamai su tsaya da almajiransu. Yaro ya koyi umarnin barci, ya rubuta shi daidai, ya sa a allon Uno, ya auna, sai ya ga allon yana nan yana jan sama da mili-amfa 30. Sai ya ce barcin ƙarya ne. Ba ƙarya ba ne. Maigida ya yi barci, amma barori suna nan suna ta ci.

Na farkonsu shi ne madaidaicin wuta, wanda ke karɓar wutar batir ya mai da ita bolt 5 cif. Irin na da, kamar mai lamba 7805 da 'yan'uwansa masu lamba 1117, ko ba a jan kome ta cikinsu suna cin kamar mili-amfa 5 don kansu. Wannan mili-amfa-awa 120 ke nan a kwana, ninki 70 na dukan abin da na'urarmu ke bukata. Akwai waɗanda aka yi musamman don aikin batir, kamar MCP1700, wanda cinsa bai kai maikuro-amfa 2 ba, kuɗinsa kuma ba wani abu ba ne. Na biyu 'yar fitilar nan ce mai nuna allo yana kunne. Tana jan mili-amfa 2 ko 3 dare da rana a cikin akwati rufaffe inda ba mai ganinta. Na uku wata 'yar ƙwaƙwalwa ce ta biyu a kan allon, wadda aikinta kawai magana da kwamfuta ta kebur, ita kuwa ba ta san an tafi fili ba. Saboda haka mu a ganinmu allon Uno na aji ne. A koya a kansa, a gwada a kansa, in an zo kafawa a fili sai a koma ga ƙaramin allo irin Pro Mini mai bolt 3.3, a cire masa fitila da madaidaici da ƙarfen soda, ko kuwa a ɗauki ATmega328P tsirararta a haɗa mata abin da ta ke bukata kaɗai.

Ko a cikin cikinta ma akwai masu ci a ɓoye. Sashen da ke mai da awo lamba, in ba a kashe shi da umarni kafin barci ba, yana iya jan maikuro-amfa 100 zuwa 300. Sashen da ke tsaron faɗuwar wuta yana jan kamar 20. Wannan na biyu kada a kashe shi gaba ɗaya, domin shi ke hana ta yin aiki cikin maye sa'ad da batir ya yi rauni, har ta ɓata abin da ta ajiye. An yi mata hanyar da za a kashe shi lokacin barci kaɗai, ya dawo da kansa in ta farka, wannan ita ce daidai. Haka nan ƙafafunta da ba a haɗa da kome ba, in aka bar su suna reto su kan yi ta kaɗawa tsakanin e da a'a, ko wace kaɗawa kuwa wuta ce. A ɗaure ko wacce da umarni.

Akwai wani ɓarawo kuma wanda mai na'ura da kansa ya kan ɗauka aiki, da kyakkyawar niyya. Yana so ya riƙa sanin ƙarfin batir, sai ya jera rizista biyu, watau 'yan abubuwan nan masu zane-zanen launi da ke rage gudun wuta, daga kan batir zuwa ƙasa, ya auna a tsakaninsu. In ko wanne om 10,000 ne, batir kuma yana bolt 4, to, maikuro-amfa 200 ke bi ta nan ba tsayawa, kusan ninki 3 na cin na'urar duka. Watau mai gadin rumbu ya fi iyalin gida cin hatsi. In aka sa masu om miliyan 1, da ɗan kafasita a tsakani don awon ya zauna, ci ya koma 2. Ma'aunai da katin ajiya su ma haka: a bi da wutarsu ta taransista, 'yar ƙwaƙwalwa ta kunna su in za ta yi aiki, ta kashe in ta gama.

Kada masu koyo su ji kunya, wannan ciwo ya taɓa kama manya. Motar bincike mai suna Opportunity, wadda hukumar sararin sama ta Amurka ta saukar a duniyar Mas a watan Janairu 2004, da hasken rana ta ke aiki. Tun kwanakin farko aka gane wani ɗan abin ɗumama a kafaɗar hannunta ya maƙale a kunne, yana shan batir ko wane dare, ba kuwa mai zuwa ya gyara. Dabarar da injiniyoyi suka yi ita ce suka koya mata barci mai nauyi, ta yanke batir daga kusan kome da dare, sai hasken safe ya tashe ta. Motar da aka shirya wa kwana 90 ta yi aiki sama da shekara 14, har guguwar ƙura ta rufe mata rana a watan Yuni 2018.

Bolt da Sauri

In an gama da barci da ɓarayi, saura a rage abin da ta ke ci tana farke. Cin 'yar ƙwaƙwalwa yana tafiya da saurin bugunta, yana kuma tafiya da bolt sau bolt. Daga bolt 5 zuwa 3.3, ko ba a taɓa sauri ba, ƙarfin da ta ke ci ya ragu da fiye da rabi. Sai dai akwai iyaka: maƙeran ATmega328P sun ce a bolt 1.8 kada ta wuce bugu miliyan 4, a bolt 2.7 miliyan 10, sai daga bolt 4.5 ta ke kai miliyan 20. Shi ya sa allunan bolt 3.3 ke gudu a miliyan 8, inda cinta kan sauka zuwa mili-amfa 3 ko 4. Wani alherin kuma, tun da tana aiki daga bolt 1.8 har 5.5, batirin litiyam guda yana iya ciyar da ita kai tsaye ba madaidaici, muddin sauran kayan da ke allon sun yarda. Katin ajiya da yawancin rediyo ba su yarda da fiye da bolt 3.6 ba.

Rage sauri shi kaɗai ba kullum ya ke riba ba. In aka raba saurin biyu, aikin zai ɗauki ninki biyu na lokaci, kuma duk tsawon lokacin nan ma'aunai da rediyo suna kunne suna jiranta. Sau da yawa gara ta yi sauri ta gama ta kwanta.

Rediyo kuwa shi ne babban mai ci in na'ura za ta aika da labari. ESP32, wadda kamfanin Espressif na birnin Shanghai ya fitar a 2016, tana barci da kamar maikuro-amfa 10, amma in tana aikawa ta Wi-Fi tana iya kai mili-amfa 240. Ɗan allon layin wayar salula irin SIM800L ya kan fizgi har amfa 2 na ɗan lokaci, in batir ko waya ba su iya ba sai na'urar duka ta ɗauke ta sake tashi. Rediyon LoRa, mai kai ɗan gajeren saƙo nisan kilomitoci, ya fi su sauƙin ci. Ko wanne aka zaɓa, mafi yawan wutar wajen neman layi da gaisuwa ta ke tafiya, saƙon kansa ɗan kaɗan ne. A tara awo na awa 6 ko na yini a aika gaba ɗaya, yadda a ke tara wasiƙu a ba mai kai wa gidan waya sau ɗaya.

Hazo, Zafi da Asuba

Lambar da aka rubuta a bayan faranti an auna ta ne a cikakken haske, farantin kuma yana kan digiri 25. Farantin silikon yana rasa kamar kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa a ko wane digiri da ya hau bisa wannan, wanda ke shan ranar bazara kuwa ya kan wuce digiri 60. A ƙasashenmu ga kuma hazon hunturu, mai dushe rana sa'an nan ya bar ƙura a fuskar faranti har sai an goge. Don haka lissafin shiga da mako mafi muni na shekara a ke yinsa. Na'urar da ke cin mili-amfa-awa 2 a kwana ba ruwanta da wannan duka, minti kaɗan na rana ya biya mata bukatar yini, ko faranti ya yi ƙura.

Batirin litiyam ba a so a yi masa caji in zafinsa ya wuce digiri 45, baƙin akwati a rana kuwa yana wuce haka. A sa shi cikin farin akwati a inuwar farantin. Kada kuma a bari ya sauka ƙasa da kamar bolt 3, kuma a tabbata akwai diyod ko allon caji da zai hana wuta komawa cikin faranti da dare.

Akwai wata matsala ta asuba wadda ba kasafai a ke faɗa wa masu koyo ba. In batir ya ƙare ƙaf, gari ya waye, wuta ta fara taruwa kaɗan-kaɗan, da ta kai inda 'yar ƙwaƙwalwa za ta iya tashi sai ta tashi ta kunna rediyo, rediyo ya shanye ɗan abin da ya taru, ta faɗi, ta sake tashi, ta sake faɗi. Tana iya yini a haka batir bai samu kome ba. Maganinsa a rubuta mata cewa abu na farko in ta farka shi ne ta duba asusu. In batir ya yi ƙasa, ta bar rediyo, ta tsawaita barci daga minti 10 zuwa awa guda, ta ci gaba da ƙirga ruwa kawai, kada ta koma cikakken aiki sai batir ya hau sosai fiye da inda ta tsaya.

Duk lambobin nan da muka kawo, na ko wace na'ura sai an auna. Mitar masu gyaran rediyo ta isa, in tana da ma'aunin maikuro-amfa. A yanke waya ɗaya ta batir a sa mita a tsakani. Sai dai a lura, a ma'aunin maikuro-amfa mitar kanta tana tare hanya, in na'ura ta farka ta ja wuta da yawa sai bolt ya faɗi ta ɗauke. Dabarar ita ce a haɗa bakin mitar biyu da 'yar waya har na'ura ta yi barci, sa'an nan a cire wayar a karanta. In mita ta nuna fiye da maikuro-amfa 20 ko 30, akwai wanda bai kwanta ba, sai a riƙa cire kaya ɗaya-ɗaya har lamba ta faɗi. Bayan wannan, kafin a kai na'ura inda za ta zauna, a cika batir, a rubuta bolt ɗinsa, a lulluɓe farantin da buhu, a bar ta tana aiki a harabar makaranta kwana 7, ran na takwas a sake aunawa a rubuta a gefen na farko.